Injin Gem ɗin Marigayi Yana Ƙarƙashin Gadona

Anti, barka da aiki. Ina gaishe ki da masu karatu baki ɗaya, Musulmi da Kirista. Na daɗe ina karanta shafin nan, wani lokaci har in yi wa masu rubuto damuwarsu dariya, in ce ai wannan shi ya jawo wa kansa. Yau ga ni a layi. Roƙona ɗaya ne, ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci. In zagi ne na san na ci a zage ni, amma shawara nake nema, kuma kafin Asabar ɗin ƙarshen watan nan nake bukatarta. Don Allah kada a sa sunana. Sunayen da zan ambata ma duk na canza su.

Ni ɗan Katolika ne, ban yi aure ba, ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wata makaranta a Samaru, a nan kuma nake hayar ciki da falo. Ina da aboki, zan kira shi Bulus, mai gyaran rediyo da talabijin a Sabon Gari, gidansa kuma a Jushi, da matarsa da 'ya'yansa mata biyu. Babbar sunanta Alheri, don haka kowa Maman Alheri yake kiran matar. Tun muna samari a ƙungiyar mawaƙan coci muke tare da Bulus, ni na tsaya masa a ranar aurensa, yaransa Ankul suke ce mini, har uwarsu ta ɗauka ita ma. In na shiga gidan ba a tambayata ko zan ci abinci, zubo mini ake yi.

Bara Bulus ya samo wani injin gem na hannu, irin wanda ake haɗawa da talabijin, wani ya kawo masa shi a mace ya tashe shi ya saye. A cikin faya-fayan da suka zo da shi akwai wani gem da ya kama mu kamar asiri. Ba ƙwallo ba ne, ba kuma irin na dambe ba da yara ke yi a shagunan gem. A wannan, kai kwamanda ne a wata duniya can bayan taurari, kana kallon fili daga sama. Za ka tura leburori su haƙo wani shuɗin dutse, da shi za ka gina bariki da tashar wuta da masana'antar tankoki, ka ɗauki sojoji, ka aika 'yan leƙen asiri, don duk inda mutanenka ba su taka ba baƙi ƙirin yake a allo. Daga cikin duhun nan wasu halittu masu ƙafafu kamar gizo-gizo suke fitowa. Kuma babu jira, babu "yanzu ni, sannan kai". Kana gini a gabas ana cin mutanenka a yamma, ka juya yamma leburori sun tsaya suna kallonka. Hannun gem ɗin ma ba don irin wannan aka yi shi ba, sai yatsa ya yi kanta kafin ka iya kama runduna guda ka tura ta inda kake so. Mu manya da gemu, ranar Lahadi bayan Mas, wato sujadar coci, sai mu baje a falon Bulus, in babu wuta ya tayar da ƙaramin janaretansa, muna karɓa-karɓa. Shi da ya tara sojoji kaɗan sai ya afka wa abokan gaba. Ni kuwa sai in zagaye kaina da katanga da bindigogi in zauna. Yakan ce, "Kai dai Allah ya yi ka matsoraci. Ka gina gari ka ɓuya a ciki, yaushe za a gama yaƙin?" Maman Alheri ta leƙo daga kicin ta ce, "Janar-janar, tuwo na hucewa, ko sai an ci garin?" Muka yi ta hawa mataki-mataki har muka kai na ƙarshe, a nan muka maƙale. Duk dabarar da muka yi, sai halittun nan su share mu.

Ranar Laraba ta Toka, farkon azuminmu na kafin Ista, sai ga Bulus a ƙofata da yamma, tokar tana goshinsa, ya ɗauro kwali a bayan mashin. Mu a azumin nan kowa yakan zaɓi abin da ransa ya fi so ya bari. Wani ya bar giya, wani nama. Bulus ya ce shi gem zai bari. Ya ce, "In yana gidan ba zan iya ba, na san kaina. Ka riƙe mini amana sai Ista. Ban gaya wa madam inda na kai shi ba, don ita da tausayi, in ta ga na yi zugum za ta ce in je in ɗauko." Na ce to ni fa, azumin ya shafe ni? Ya yi dariya ya ce, "Kai ka yi ta fama, na san ba za ka ci matakin nan ba sai na dawo." Ya sha ruwa ya hau mashin ɗinsa ya tafi. Babu wanda ya gan shi ya kawo, babu wanda muka gaya wa.

Azumi bai kai ƙarshe ba wata tirela ta taka shi a hanyar Basawa, yana dawowa daga kai wa wani soja talabijin. Ko asibiti bai kai ba. Ni na je na gano gawar, ni na gaya wa matarsa, ina cikin waɗanda suka ɗauki akwatin a ƙauyensu da ke kudancin Kaduna. Na yi kuka kamar ƙaramin yaro, kuma kukan gaskiya ne, ina so ku riƙe wannan duk abin da za ku ji a gaba.

A al'adar su Bulus, bayan an binne mutum dangi sukan dawo gidansa su zauna, a fito da kayansa duka a shimfiɗa a tsakar gida, tun daga takalmi har kayan aiki, kowa ya gani da idonsa kafin a san yadda za a yi da su. Sannan babban gida ya miƙe ya yi shela, duk wanda yake riƙe da ajiyar marigayi ya faɗa a nan gaban jama'a. Wan Bulus ne ya miƙe, zan kira shi Baba Danjuma, dattijo mai tsauri, tsohon hedimasta. Ina zaune a kan benci kusa da katikis, malamin cocinmu. Ya yi shelar. Wani maƙwabci ya ce akwai tsanin Bulus a gidansa. Wata mata ta ce akwai kujerun roba biyu a wurinta. Baba Danjuma ya sake maimaitawa. Anti, bakina ya buɗe, wallahi ya buɗe, sai wata murya a cikina ta ce, in ka faɗa yanzu ƙauye za a tafi da shi, garin da ko wuta babu, yara su ɓalle shi a kwana biyu. Kuma ga matakin ƙarshe ba a ci ba, ga sunan Bulus a allo a inda muka tsaya a wasan. Na ce wa raina mako ɗaya kawai, in gama mana yaƙin, in kawo wa Maman Alheri a hankali in ce na manta. Wa zai tuna da kayan wasa a cikin wannan baƙin ciki? Na rufe bakina. Aka yi addu'a.

Ashe Baba Danjuma ya tuna. Ya zo gidan da yaransa a Kirsimetin da ya wuce, sun ga injin, a wurinsa kuma kwamfuta ce, abu mafi daraja a gidan bayan mashin ɗin da ya riga ya zama ƙarfe. Ana shirin tashi sai ya duba kayan ya ce, "Ina kwamfutan nan da ake haɗa shi da talabijin?" Maman Alheri, tana zaune a tabarma da baƙin ɗankwali, ta ce Baban Alheri ya fita da shi tun farkon azumi, bai faɗa mata inda ya kai ba. Wata ƙanwar Bulus ta ce, "Miji ya fita da kaya irin wannan, matarsa ba ta san inda ya kai ba? Ki faɗa wa wani." Aka buɗe shago, babu. Aka ɗaga katifa, aka buɗe akwatunan matar a gaban mutane, har zannuwanta na ciki aka zazzage. Ina wurin. Ina tsaye ina kallo. A lokacin ma da na ce ga shi a wurina, da kunya ce kawai zan sha, ta minti biyar. Amma ta yaya mutumin da ya yi shiru ana shela zai ɗaga hannu bayan an gama tozarta mace? Me zan ce na tsaya jira? Na sunkuyar da kai kamar mai jimami, na hau bas na koma Samaru. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne, da na iske akwai wuta, na kunna gem ɗin.

Daga nan magana ta canza. Aka daina zancen inji, aka koma zancen hali. Matar da za ta ɓoye kayan mijinta tun gawarsa ba ta huce ba, me kuma ta ɓoye? Wa ta ba? Ko akwai wani namiji ne? Dangi suka karɓe mabuɗin shago. Sannan Baba Danjuma ya yanke cewa ba za a bar 'ya'yan ƙaninsa a hannun marar amana ba, da an yi hutun ƙarshen shekara za a kwashe Alheri da ƙanwarta a kai su ƙauye wurinsa. Maman Alheri marainiya ce, ba ta da wani namiji tsayayye a danginta da zai zo ya buga ƙirji. Abin da take da shi teburin ƙosai da kunu ne a bakin layi, sai yaran nan biyu. A zumuntar matan coci ma an karɓe ajiyar kayan girki daga hannunta, wai don ta huta.

Na ci matakin ƙarshen, in kuna son sani. Bayan Ista da 'yan kwanaki, wata Asabar da rana, na bar katangata na yi irin ta Bulus, na tara abin da nake da shi na afka wa halittun nan tun ba su shirya ba. Gidansu ya ruguje, aka sa kiɗa, wasu sunayen Turawa suka yi ta hawa allo. Na zauna da hannun gem a cinya ina zufa. Shi ke nan? Wannan ne abin da na sayar da matar abokina a kansa? Tun ranar ban ƙara kunna shi ba. Na mayar da shi kwalinsa na tura ƙarƙashin gado, a kansa nake kwana.

Kada ku ce ban yi ƙoƙarin mayarwa ba. Na taɓa sa shi a jakar Ghana-mos-go na hau bas har Sabon Gari, da niyyar in ajiye a bayan shagon ko a ƙofar gidan in gudu. Ina cikin kasuwa na tsaya cak. In aka tsince shi a can, me za a ce? Za a ce ta ji wuta ta fito da shi. Da hannuna zan tabbatar musu da abin da suke zargi. Na yi tunanin in ba wani ya ce wurinsa Bulus ya kai gyara, to wa yake kai wa mai gyara gyara? Na yi tunanin in jefa shi a rafi, sai na ga wannan ni kaɗai zai wanke. Haka na dawo da jakata Samaru, kwandasta har yana tsokanata wai ko amarya ce a ciki na rungume ta haka. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, yanzu ko yaro ya ambaci gem a layinmu sai gabana ya faɗi. Na daina karɓar jibi, wato gurasa mai tsarki, a coci. Na kasa zuwa furta zunubi, don Fada, limamin cocinmu, ya san muryata, kuma shi ne ya yi ta kai da kawowa a kan maganar nan.

Sai ga abin da ban zata ba. Baba Danjuma ya kira ni a waya. Ya ce, "Ɗana, kai ne aminin marigayi, matan nan tana jin maganarka. Ka je ka lallashe ta ta faɗi gaskiya. Mu ba mugaye ba ne. In ta durƙusa gaban dangi ta amsa laifinta, za mu yafe, mu bar mata yaran. In ta ci gaba da taurin kai, to ta san sauran." Na ce to Baba. To Baba! Ni da kayan ke ƙarƙashin gadona aka naɗa in je in sa wata ta amsa satarsa. Na je Jushi. Na same ta ta rame, wuyanta duk ƙashi. Ta kawo mini kunu, ƙaramar ta haye cinyata tana wasa da agogona. Na isar da saƙon ina kallon ƙasa. Ta ce, "Ankul, kai ma ka yarda na ɗauka?" Na ce a'a, ni na san ba ki ɗauka ba. Ta ce, "Na gode. Kai kaɗai ka faɗi haka ba ka yi jim ba." Ta share ido da bakin zane. Ita tana ganin amincewa ce ta sa ban yi jim ba.

Na sha tambayar kaina, tsoron me nake ji? Ba ɗauri ba ne, babu wanda zai kai ni wurin 'yan sanda a kan kayan wasa. Tsoron idonta nake ji. Tsoron ranar da Alheri, wadda ta isa ta gane komai, za ta san cewa Ankul yana tsaye aka zazzage kayan uwarta. Tsoron coci, da maƙwabta, da yarinyar da nake nema, wadda take cikin masu cewa ni aboki ne na gari don ina kai wa marayu shinkafa duk wata. Shinkafar ma ta toshiyar bakin zuciyata ce. Wani lokaci in ce ai Baba Danjuma ne azzalumi, da ma neman dalili yake yi, ko babu inji zai samo wani abu. Wataƙila haka ne. Amma wa ya miƙa masa sandar?

Shekaranjiya Lahadi, bayan Mas, ina zaune sai na ji sallama. Maman Alheri ce, ta biyo bas tun daga Sabon Gari, abin da ba ta taɓa yi ba. Na rasa inda zan sa kaina. Na ja labulen ɗakin kwana, na ba ta kujera a falo. Ta ƙi shan lemon da na sayo, ta ce ba daɗewa za ta yi ba, ta bar yara wurin maƙwabciya.

Ta ce, "Ankul, na yanke shawara. Ranar zaman da dangi suka sa, Asabar ɗin ƙarshen watan nan, zan durƙusa in ce ni na ɗauka."

Na ce, "Haba Maman Alheri, abin da ba ki yi ba?"

Ta ce, "Allah ya san ban yi ba, Baban Alheri ma inda yake ya sani. Suna ai ba ya kuka da dare, yara ne suke yi. Su kira ni ɓarauniya, in dai zan tashi da safe in ga 'ya'yana." Ta gyara ɗankwali. "Abin da ya kawo ni, ni ban iya ƙarya ba, kuma ban san kan abin nan ba. Za su tambaye ni wa na sayar wa, a ina, yaya aka yi. In na yi tuntuɓe za su ce raina musu hankali nake yi. Kai ka san shi, tare kuke yi. Ka koya mini abin da zan ce. Kuma ina roƙonka ka zo ranar, ka zauna inda zan riƙa ganinka, don kada ƙafata ta kasa."

Anti, tsakaninta da kwalin nan labule ne kawai. Na ji kamar in tashi in jawo shi in dire a gabanta in kwanta a ƙasa. Na kalli labulen, na kalle ta. Kun san abin da na ce? Na ce ta ba ni kwana biyu in yi tunanin yadda za a tsara maganar. Ta yi mini godiya, ta ce Allah ya ba ni mace ta gari, na raka ta bakin titi na tsayar mata da bas.

Ga inda nake. In na yi shiru, za a bar mata yaranta, amma za ta durƙusa gaban waɗanda suka ci mutuncinta ta amsa sunan ɓarauniya, yaran su girma da shi, a kan abin da ni na yi. In na fito da shi, ban ma san ko zai cece ta ba, don Baba Danjuma da na sani yana iya cewa haɗa baki muka yi, ita ta ba ni ajiya, ya ɗora da tambayar abin da ke tsakanin gwauro da matar abokinsa, daga nan ko durƙuson ba zai karɓa ba, ya kwashe yaran. Babu shaidar cewa Bulus ne ya kawo mini, mai shaidar yana kabari. In fara gaya mata ita kaɗai? In je wurin Fada? In ɗauki kwalin a kaina in shiga tsakar gidan ranar zaman, kowa ya gani?

Kwana biyun da na roƙa yau suka cika. Tun da na fara rubutun nan wayata ta yi ƙara, sunanta ne a kai, ban ɗauka ba. Jama'a, ku dubi yaran nan ba ni ba, ku gaya mini, me zan yi?